Takwarata da Faifan Masu Ihu

Tun da na dawo daga Maleshiya ba a bar ni na huta ba. A Islamiyya tambaya, a gidan suna tambaya, har mai kawo mini itacen turare daga kasuwar Kurmi sai da ya ajiye buhunsa ya ce, "Hajiya, wai da gaske can da shinkafa ake karya kumallo?" Akwai kuma tambayar da ake yi a bayan idona, ita ma ta zagayo ta iske ni: wai me ya sami Hajiya Binta, tsohuwa da jikoki, ake jiyo kiɗan mahaukata daga ɗakinta da hantsi? To ga amsar gaba ɗaya, kowa ya ɗebi tasa, ni kuma in sarara.

Wankan jego ne ya kai ni. Sadiya, 'yata ta uku, tana Kuala Lumpur da mijinta Malam Nura, wanda gwamnati ta tura ƙaro karatu, ya gama digiri na biyu ya zarce na uku, shekaru suka yi ta miƙawa. Sun tafi da 'yarsu guda tana 'yar mitsitsiya, ita ce aka yi mini takwara, ake kiranta Ummi. Daga kanta shiru, sai da ta kai shekara sha biyar Allah ya sake kawo rabo, namiji. Abu biyu na ƙulla a raina kafin in tashi. In gasa Sadiya da ruwan zafi yadda ya kamata, in kuma jawo takwarata jikina, domin rabona da ita tun tana tsotsar yatsa. A waya kuwa "Ina wuni" kawai take cewa ta gudu.

Lokacin da na bar Kano cutar korona labarin rediyo ce, ana cewa tana can ƙasar Sin. Muka sauka a Addis Ababa muka sake jirgi, a nan na fara ganin mutane da takunkumi. Wadda aka zaunar kusa da ni wata tsohuwar 'yar Sin ce, ƙanƙanuwa, ta ɗaure hanci da baki. Ta dube ni, ta dubi bakina a buɗe, ta girgiza kai irin na uwar da ta ga yaro ba takalmi. Ta buɗe jaka ta miƙo mini takunkumi sabo. Ni ba a yi mini kyauta in yi shiru, na kwance bakin mayafi na ba ta goro. Ta ɗaga takunkumin ta gatsa, fuskarta ta tattare wuri guda, amma don kara sai da ta haɗiye. Har muka sauka ba kalma ɗaya da ta shiga tsakaninmu, sai dai in barci ya kwashe ta kanta a kafaɗata yake sauka.

A filin jirginsu wani yaro mai kaki ya nufo goshina da wani abu kamar bindiga. Na yi salati na sunkuya, ashe zafin jiki yake aunawa. Daga nan aka kai ni wajen masu binciken kaya. Wata mai ɗan hijabi ta buɗe jakata, ta ci karo da kilishi ta ajiye gefe, ba ta ko tambaye ni ba, na bi shi da kallo. Daddawa kuwa ta cikin takunkumi ta same ta, ta ja da baya tana fifita da hannu. Amma kanwa ce ta tara mini jama'a. Suka yi ta juya ta, suna ƙwanƙwasawa, suna kallona. Turancina bai wuce na ciniki ba, na ce, "Baby, mother, drink," ina nuna ciki. Da na ga abin zai yi tsawo sai na ɓalli 'yar kaɗan na sa a baka na tsotsa. Babbarsu ta yi dariya ta ce, "Boleh, boleh." Kalmar da na fara koya ke nan, ma'anarta an yarda, wuce.

Malam Nura na jirana a waje, yarinya doguwa a gefensa, baƙin hijabi, baƙar riga, baƙin takalmi, igiyar iyafis na leƙowa ta ƙarƙashin haɓarta. Ina ganinta na ga mahaifiyata, har tsayin wuyan. Zuciyata ta cika. Ta matso, maimakon ta durƙusa sai ta kama hannuna da hannu biyu ta kai goshinta, haka yaran can suke gaida manya, ta ce, "Sannu da zuwa, Nenek." Wato kaka da yarensu.

Kun san yadda muke da jikoki. In so ya cika mana ciki, ta tsiya yake fita. Na ja baya na ƙare mata kallo na ce, "Wannan ce takwarar tawa? Kai, an cuce ni! Tsawo kamar sillen kara, baƙi kamar gindin tukunya, ga shi kuma ta ƙara da baƙaƙen kaya. Wa zai kwashi wannan? Malam, a sake mini wata."

Malam Nura ya yi dariya har da riƙe ciki. Na gyara tsayuwa ina jiran ramuwa, domin jikokina na Kano da tuni an ce mini tsohuwa mai haƙori uku. Ummi ta yi ɗan murmushi, ta karɓi jakata, ta maida iyafis kunne. Na ce a raina kunya ce ta baƙunta, za ta ware.

Gidansu yana wata unguwa da ake kira Taman Melati, a wani dogon bene da sai lif ya ɗauke ka. In ka leƙa taga sai ka ga jirgin ƙasa yana wucewa a sama da titi, wai babu direba a ciki, ban kuwa yarda na hau ba. Ɗaki biyu ne da falo. Aka haɗa ni ɗaki da Ummi, gadona na kallon nata. Shinkafar safe gaskiya ce, da madarar kwakwa ake dafa ta, a zuba mata 'yan mitsi-mitsin kifi da gyaɗa da wani yaji mai zaƙi. Komai nasu sai an sa masa sukari, har miya. Shayinsu dai na yaba, domin ɗaga shi suke yi sama suna zubawa daga kofi zuwa kofi, sak mai shayin bakin layinmu.

Ban yi mako biyu ba aka sa dokar kulle. Aka rufe makarantu da masallatai da filin jirgi, aka ce mutum ɗaya ne zai riƙa fita cefane a kowane gida. Ni da na zo yin arba'in in koma, sai ga ni ba ranar tafiya.

Ganyen darbejiyar da na taho da shi ya ƙare, wanka kuwa ba ya tsayawa. Na aiki Malam Nura ta bakin Sadiya, don ban cika doguwar magana da suruki ba. Ya dawo da leda cike da ganye yana murna. Na ga ganyen ya ɗan yi gajarta, na ce wataƙila ta ƙasarsu haka take. Na tafasa ruwa a manyan tukwane biyu a kan gas, na tsoma ganye na fara fyaɗa wa Sadiya. Can ta ce, "Mama, ni fa ƙamshin miya nake ji." Ashe ganyen kori ya sayo, wanda Indiyawa ke sawa a girki. Mutum yana digiri na uku bai san darbejiya ba! Yini guda mai jego tana ƙamshin dafa-duka. Wani dattijo Ba'indiye mai gadin ƙofar benen ne ya fid da mu, ashe su ma suna girmama bishiyar, akwai ta a bayan wurin ibadarsu. Kullum ya zo aiki sai ya taho mana da damƙi guda, ni kuma in aika masa da ƙosai.

Maƙwabciyarmu Makcik Ros, wato Inna Ros, da ta ji an haihu sai ta riƙa rataye mana abinci a hannun ƙofa, ta ƙwanƙwasa ta koma bakin tata ƙofar. Daga can muke hira, Sadiya na fassara. Ashe su ma suna jego. Suna gasa ciki da dutse mai zafi, su naɗe shi da dogon zane, su hana ruwan sanyi, kuma nasu kwana arba'in da huɗu ne. Na ce a gaya mata sun fi mu mugunta da kwana huɗu. Ta rufe baki tana dariya a hankali. Mutanen can komai a hankali suke yi, ko nuni ba sa yi da ɗan ali, sai da babban yatsa, kuma ban taɓa jin babba ya ɗaga wa yaro murya a bainar jama'a ba.

Duk wannan hidima da ake yi, takwarata tana nan kamar ba ta nan. Ta yi karatunta ta kwamfuta, ta wanke kwanuka, ta yi salla, ta koma gado ta juya wa bango fuska da iyafis a kunne. Ni kuwa ban fasa ba. Ta fito da safe in ce, "Ga mummunar gidan nan ta tashi." Ta zuba abinci in ce, "Ci dai, ko kya yi kumari a samu mai tayawa." Iyayen su yi dariya, ita ta yi wannan murmushin, ta ce, "Yes, Nenek." Tun ina jiran ramuwa har na fara jin haushi. Na ce wa Sadiya, "'Yarki ba ta ƙaunata." Ta ce, "Haba Mama, haka take, teenager ce, halin masu shekarunta ke nan. Mu ma ba ta kula mu." Maganar ba ta kwantar mini da hankali ba. Ina kwana ɗaki ɗaya da mai sunana, ina jin numfashinta, amma ta fi mini nisa a kan lokacin da nake Kano. Abin ya dame ni ƙwarai, har na fara tunanin haka zan koma ban san muryar dariyarta ba.

Akwai wata 'yar sifika mai kamar gwangwanin madara da Malam Nura ya haɗa mini da wayata, nake jin karatu da labaran gida a kicin. Ran nan bayan la'asar, ana ruwa irin nasu mai tsawa, ina dama kunun kanwa, sai sifikar ta yi ɗan ƙara ta yi shiru. Ban ankara ba sai ta fashe. Ganguna kamar ana ruwan duwatsu a kan kwano, jita tana kururuwa, ga wani yaro yana ihu iyakar ƙarfinsa. Na saki ludayi na ce, "A'uzu billahi!" Jariri ya tsala kuka. Ashe wayar Ummi ce ta kama sifikar, abin da take ji a kunne shi ne ya fito fili.

Ta fito a guje tana danne-danne. Malam Nura ma ya fito daga inda yake karatu, ransa a ɓace.

"Ummi, what is this? Abin da kike cusa wa kunnenki ke nan dare da rana? Kawo wayar nan. Yanzu-yanzu."

Kafin ta kashe, kiɗan ya lafa, ya rage muryar yaron ita kaɗai. Ya ja wata kalma sama, sai muryar ta karye a tsakiya, ta yi rawa, ya ja numfashi ya ci gaba a haka. Ban san yarensa ba, amma na san wannan karyewar. Na dubi Ummi, ta miƙa wa ubanta wayar, idonta a ƙasa, fuskarta kamar wadda za a raba da ɗan'uwa.

Na ce, "Malam, a bar mata." Ya buɗe baki, ya tuna da wa yake magana, ya rufe. Ya ce, "To, Hajiya," ya koma ciki. Surukuta ma tana da ranarta.

Na ce da ita, "Zo nan. Wannan yaron, wa ya taɓa shi?"

Ta ɗago ta dube ni sosai, karo na farko tun filin jirgi. Hausarta a kakkarye take, tana ji sarai amma in za ta mayar sai ta haɗa da Turanci da yaren can. Ta ce, "Nenek, kin ji Malay?"

"Ban ji ba. Kuka dai ba shi da yare. Maido shi daga farko, ki rage ƙara kar ƙaninki ya shiɗe."

Muka zauna a ƙasan kicin, kunu na hucewa. Ta ce wasu samari huɗu ne 'yan ƙasar, irin kiɗansu ana ce masa emo, wasu su ce punk, kuma wannan ne faifansu na farko. A wani ɗaki suka ɗauke shi, a saman shagon facin taya na baban mai gangar, don ba su da halin zuwa inda ake ɗaukar waƙa. Ta ce in kasa kunne. Ai kuwa can ƙasan kiɗan ana jin ruwa na dukan rufi, a wata waƙar har da babur yana wucewa. Inda mai jita ya yi kuskure ba su goge ba. Inda murya ta karye sun bar ta.

Na ce, "To me yake faɗa da yake neman tsaga maƙogwaro?"

Ta mayar da waƙar baya, tana tsayar da ita layi-layi.

"Ya ce... a gidansu, lokacin makan, lokacin cin abinci, kowa yana dariya a kansa. Shi ma yana dariya. Sun ce wasa ne, joking only. Ya ce..." Ta sake maido layin. "Ya ce in an gama sai ya shiga toilet, ya buɗe famfo da ƙarfi. Don kar a ji shi."

Famfon banɗakin gidan nan na sha jin sa yana zuba bayan an ci abinci, har na taɓa yi mata tsiya a kan ɓarnar ruwa. Na ji kunya, na ji tausayi, na rasa wanda ya fi yawa.

Na ce, "Ummi, maganganun da nake miki, kin ɗauka da gaske nake?"

Hawaye ya zubo mata. Ta ce, "A school ma suna cewa. Baƙa, doguwa. Sai su ce joking only lah. Na ce in Nenek ta zo, ita kamata ɗaya da ita, sunanmu ɗaya. Sai kika zo kika ce a sake miki wata."

Rashin sani ya fi dare duhu. Iyayenta sun koya mata Ƙur'ani, sun koya mata gaisuwa da cin tuwo, amma ba wanda ya tuna ya gaya mata akwai wasan jika da kaka, domin a gida ba a koyar da shi, tashi ake a gan shi. Ta girma a ƙasar da ake sumbatar hannun tsofaffi, ga wata tsohuwa ta sauko daga jirgi tana zaginta, uwa da uba suna dariya.

Na jawo ta jikina, doguwar nan duka, na ce, "Ke, saurara. A garinmu jikan da kakarsa ba ta yi wa tsiya ba, shi ne abin tausayi. Wanda aka fi so shi aka fi zagi. Da na gan ki a filin jirgi uwata na gani, wadda ta haife ni, mace mafi kyau a unguwarsu. In na faɗi haka a gaban ubanki ai na zubar da girmana. Kuma ba a shiru ake karɓa ba, ramawa ake yi. Ki ce mini tsohuwa, ki ce na cinye muku abinci, ki ce haƙorana sun zube saura uku."

Ta zaro ido tana share hawaye. "In zage ki? Tak boleh, Nenek. Ba kyau. Ba zan iya ba."

Na yi, na yi, ta ƙi. Ni kuma daga ranar na kama bakina, tun da kiɗa ya canza dole rawa ta canza. Ba ƙaramin azumi ba ne a wurina. Tsiya ta zo mini har leɓe in haɗiye, in ce, "Sannu Ummi, Allah ya yi miki albarka."

Amma mun samu abin da ya haɗa mu. Kullum bayan la'asar, in an gama wanka mai jego ta kwanta, sai mu shige kicin mu ja ƙofa, ta kunna faifan a hankali, waƙa ɗaya a rana, tana fassara mini. Da azumi ya zo muka ajiye, bayan salla muka ɗora. Akwai ta yaron da aka sauya wa makaranta yake cin abincinsa a kan matakala. Akwai ta wanda abokinsa ya ƙaura bai yi masa sallama ba. Akwai wata mai sauri wadda ba komai a cikinta sai faɗa da agogon da ke tashinsa da safe, wannan har dariya ta ba ni. Ba habaici, ba kwana-kwana, ba kirari. Mu mawaƙanmu sai su zagaya da kai ta bayan gari kafin su faɗi abin da ke ransu. Waɗannan yaran kuwa abin da ke cikin ne suke amayarwa yadda yake, da ɗuminsa.

Na tambaye ta, "To in baƙin ciki ne, me ya kawo wannan duka na ganga? Ai sai a yi shi a hankali."

Ta ce, "In kiɗan yana da ƙarfi, kina iya kuka a ciki. Ba wanda zai ji."

Sai na tuna shekarar da mahaifiyata ta rasu, ina amarya a gidan mutane, ba dama in zauna ina kuka kullum. Turmi nake jawowa. In zuba gero in yi ta luguden daka ina waƙa, taɓarya na rufe muryata, duk wanda ya wuce ya ce amarya akwai ƙwazo. Na ba ta labarin. Na kifa ƙwaryar kunu a ƙasa na ɗauki ludayi na nuna mata yadda dukan yake tafiya, sai ga shi ya hau kan gangar yaran nan daram. Ranar na fara jin dariyar takwarata, mai ƙarfi ce, har da buga ƙafa.

Ta taɓa kunna mini faifansu na biyu, wanda suka yi bayan sun yi suna. Komai tsaf, murya sumul, ba ruwa ba babur. Na ce, "Wannan sun ƙoshi." Ta ce, "Exactly, Nenek!" Na farkon kamar tuwon farko ne na amarya, da gudaji a ciki, amma duk zuciyarta tana cikin tukunyar. Muka koma wa namu.

Sai bayan babbar salla da 'yan makonni aka buɗe hanya. Jaririn da na zo wa wanka har ya fara zama. Aka kai ni asibiti aka zura mini wani tsinke a hanci har sai da na ga taurari, aka ce ba ni da cutar, zan iya tafiya. Makcik Ros ta rataya mini zanen naɗe ciki a ƙofa, tsarabar jikokin gaba. Dattijon mai gadi ya dafa ƙirji ya sunkuyar da kai. Ummi ta karɓi wayata ta zuba mini faifan, ta nuna mini inda zan danna, ta cusa mini 'yar sifikar a jaka.

Ina murna zan ga gida, amma raina ba daɗi. Mun shaƙu, ba shakka. Tana kwantar da kai a cinyata, tana taje mini furfura. Sai dai har yanzu lallaɓa ni take kamar baƙuwa, ni ma ina lallaɓa ta kamar ƙwai. Jikar da ba ta taɓa yi mini tsiya ba, a lissafina ba ta gama zama tawa ba. Na haƙura, na ce wataƙila ƙasar da ta raine ta ta riga ni.

Filin jirgin wayam, kowa da takunkumi, an manna alamu a ƙasa inda za a tsaya nesa da juna. Sadiya ta yi kukanta, Malam Nura ya yi addu'a. Ummi ta kama hannuna ta kai goshinta kamar ranar farko. An ce labarin zuciya a tambayi fuska, to fuskar rabi a rufe take. Na juya na bi layin da masu rakiya ba sa wucewa, na hau matakalar nan mai tafiya da kanta tana gangarawa da ni ƙasa.

Na kai tsakiya sai na ji an ƙwala kira daga sama, cikin wannan wuri da ko tari ba a yi da ƙarfi.

"Ke tsohuwa!"

Na waiga. Ummi ce, ta leƙo ta kan shingen gilashi, ta janye takunkumi zuwa haɓa. Ma'aikata suka juyo, uban ya kama baki.

"Tafi can! Kin cinye mana shinkafa duka! Mummuna, mai... mai haƙori uku! Wa zai kwashe ki?"

A kan kalmar ƙarshe muryarta ta karye, ta yi rawa, irin ta yaron nan na saman shagon faci, ba ta kuwa tsaya gyarawa ba. Matakala na ta tafiya da ni, ba halin komawa. Na fizge nawa takunkumin na tattara duk tsiyar da na haɗiye wata da watanni.

"Sillen kara! Gindin tukunya! Ko a kyauta ba mai ɗaukar ki!"

Tana dariya tana kuka, ina dariya ina kuka, har bene ya raba mu. Wani ma'aikaci ya matso yana nuna mini in mayar da takunkumi, yana tambaya da hannu ko lafiya. Na ce masa, "Boleh, boleh."

Don haka masu jin ihu daga ɗakina da hantsi, ba aljanu ba ne, kuma ban taɓu ba. Kewar takwarata ce in ta taso, nake ƙara wa sifika murya.